Amsa ga Alhaji mai hatsi na Kasuwar Dole

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar da nake baƙo a gidan rediyo ka bugo waya ka tambaye ni a gaban jama'a: waɗannan asusun ETF (asusun jarin haɗaka da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwa) da ke zuba kuɗi a alkama da zinariya da mai, ba ɓoye kaya ba ne da rigar boko? Me ya sa gwamnatoci ba su haramta su ba, alhali kai in ka tara buhu ɗari a sito sai a ce ka ƙuntata wa talaka? Lokaci ya ƙure mana, ga amsata.

Kana da gaskiya fiye da rabi, amma asusun nan iri biyu ne. Akwai mai riƙe kayan a hannu, kamar SPDR Gold Shares da aka buɗe a New York a 2004, wanda zinariyarsa ke ajiye a taska. Wannan bai hana kowa tuwon dare ba. Akwai kuma wanda ba ya taɓa ko ƙwaya ɗaya, sai takardar alkawarin sayen kaya nan gaba, in wa'adinta ya kusa ya sayar ya ɗauki ta wani watan. Shi ne ke hana ni barci. A 2009 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bincika kasuwar alkama ta Shikago, ya ce yawan kuɗin masu irin wannan jari ya raba farashin takarda da na alkamar gaske. Dokar Amurka ta Dodd-Frank ta 2010 ta ba hukumar CFTC, mai sa ido a kan cinikin irin waɗannan takardu, aikin ƙayyade yawan takardun da mutum ɗaya zai riƙe, amma sai 2020 aka kammala ƙa'idar. Shekara goma, Alhaji, a kan abin da mutane ke ci!

Ni iyaka nake nema a sa musu, mai tsauri a kan abinci, ba haramci ba. Manomin da ke son ya san farashinsa tun kafin girbi yana bukatar mai saye.

Sai dai kada mu ɗora wa Shikago laifin da ba nata ba. Hatsinmu ba ya cikin kasuwarta. Na ga wata tsohuwa a bakin rumfarka a tsakiyar damina, ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗinta sau biyu, ba su kai na tiya ɗaya ba, ka cika mata ka yi shiru. Abin da ya tsadar da tiyar nan shi ne ruwan bara, da kuɗin mota, da halin da iyakar ƙasa ke ciki, da ko hatsi mai rangwame na OPVN, hukumar cimaka ta Nijar, ya iso kan lokaci. Burodi da taliya ne ke ɗauko mana zazzaɓin waje.

Abin da ya fi kusa da mu kuma, samarinmu ne da ake yi wa tallar "jarin zinariya" a waya. Ɗan ƙanena ya tura jaka hamsin, har yau ko gaisuwa. A yankinmu na sefa, hukumar AMF-UMOA da ke Abijan ce ke ba da izinin tara kuɗin jama'a da sunan jari. Duk wanda ya zo wa 'ya'yanka da wannan zance, a nemi ya nuna izininta tun kafin a ba shi tabarma.

Zan biyo rumfarka ranar Alhamis, in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.