Zuwa ga Inna, Daga Hamadar Arizona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kina lafiya, da Baba, da Gwaggo, da duk mutanen gida na Runjin Sambo. Ya sanyi, ya ƙura? Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, ni da maigidan da yara, alhamdu lillahi.

Yaya Hadiza ta gaya mini hankalinki bai kwanta ba tun da kinka ji mun saki gidan haya na Hustan muna kwana cikin mota. A waya magana ba ta zaunuwa, layi na yankewa, ga awa takwas tsakaninmu, lokacin da nake tashi asuba ku kun idar da azahar. Shi ya sa na rubuta, Bashir ya karanta miki a natse.

Ba korar mu anka yi ba, ba kuma bashi ne ya kama mu ba. Kin san maigidan ma'aikacin jinya ne. A nan Amurka asibitin da ke ƙarancin ma'aikata yakan ɗauki mutum kwangilar mako 13, ya biya shi fiye da na zaune, da kuɗin masauki a kai. In wa'adi ya cika sai ya nemi wani gari. Shi kaɗai ya so ya riƙa tafiya, ni na ce ban yarda a bar ni da yara tsakanin bango huɗu ba. Kama gida na wata uku kuwa tsada gare shi. Sai munka sayi wannan motar ta hannu, munka zuba kayanmu a ɗakin ajiya na haya, munka ɗauki hanya.

Mota ce mai ɗaki a cikinta, tsawonta kamar mita tara. Gadonmu na baya, na yara yana saman kan direba, akwai murhun gas, da firji, da ɗan makewayi haɗe da wurin wanka. Komai sai an ɗaure shi ko an kulle kafin a tashi, in ba haka ba kwanar hanya ɗaya mai kaifi ta isa ta watsa tukwane. Takan sha mai ba kaɗan ba, lita ɗaya da ƙyar take kai mu kilomita huɗu. Ƙasar kuma ba ta ƙarewa. Daga Hustan zuwa El Faso wajen kilomita 1,200 ne, ya zarce nisan Sakkwato zuwa Legas, kuma duk ba ka fita jihar Tekzas ba.

Ruwa shi ne ke mulkin gidan nan. Tankin ruwan sha lita 150 yake ɗauka, jarka shida ke nan, a ciki za mu sha, mu dafa, mu yi wanka da alwala mu huɗu. A ƙarƙashin motar akwai wasu tankuna biyu, ɗaya na ruwan wanke-wanke, ɗaya na makewayi. In munka kama wuri a sansanin motoci na kuɗi, akwai famfo da wuta da bututun zubar da ƙazanta, sai a jona kawai, babu damuwa. In kuwa a daji munka tsaya, sai lissafi. Wanka: a jiƙa jiki, a kashe famfo, a goga sabulu, a sake buɗewa a ɗauraye. Ruwan da na wanke shinkafa da shi ba ya zubewa, shi ke fara wanke kwanuka. Takwararki Ummi har ta iya duba fitilun da ke nuna cikar tanki, ita ke shelar cewa ruwa ya kusa ƙarewa. Zubar da na makewayi aikin babansu ne, da safar hannu, a wuraren da anka keɓe don haka, ba a yarda a zubar ko'ina ba. Ya dawo ya canza tufafi kafin ya yi salla. Wannan dokar tasu na yaba mata, domin za ki ga motoci ɗaruruwa a fili guda amma babu wari babu kwatami.

Baba ya tambayi yadda muke yi da salla. A gaya masa muna bin abin da ya karantar da mu: muna kan tafiya mu yi ƙasaru, in munka yi niyyar kwana huɗu a wuri mu cika. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, kuma muna daɗa yin yamma tana daɗa karkata arewa, don haka duk inda munka tsaya sai an duba waya kafin a shimfiɗa darduma. Cikin motar mutum biyu ba sa iya sahu, galibi a waje muke yi, kan tsakuwa. Juma'a ce mai wuya. A Tusan, inda ya yi kwangilar da ta wuce, akwai masallaci kusa da jami'a, yakan tafi da jikanki Abba. A can nake cika firji da naman halak, in ya ƙare mu koma kifi da ƙwai da wake. Kukar da kinka aiko da daddawa suna nan ina lallaɓa su.

Mun ga abubuwan mamaki. A jihar Niyu Meziko akwai wani rairayi fari fat, tudu bayan tudu, rana na dukansa amma ba ya ƙona ƙafa. Mun je bakin Giran Kanyon, kwazazzabon da kogin Kolorado ya haƙa, zurfinsa ya fi kilomita ɗaya da rabi, ga ƙanƙara a bakinsa, na riƙe hannun yara gam har munka bar wurin. A hanyoyin da ke kusa da iyakar Meziko akwai shingayen jami'an kan iyaka, saboda haka katin zamanmu kullum yana kusa da hannu. Sukan duba su ce mu wuce.

Yanzu muna wajen wani ƙaramin gari da ake kira Kwatsayit, muna jiran sabuwar kwangila. Filin gwamnati ne, ana iya zama kyauta har kwana 14. Da sanyi ya shigo, mutane dubbai ke kwararowa nan da irin motarmu, yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho da sunka gudo wa ƙanƙarar arewa da ta Kanada. Da rana ɗumi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. Wasu motocinsu sun fi gidan mai kuɗi ƙawa. Wasu kuwa, Inna, cikin ƙaramar motar kaya suke, da katifa da bokiti, don kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Kusa da mu akwai wata tsohuwa baturiya, ta girme ki, ita kaɗai da karenta. 'Ya'yanta uku suna raye, kowa na garinsa. Na kai mata tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ci tana share hawaye saboda yaji, ta roƙi ƙari. Ita ta koya mini yadda ake juya allon sola ya bi rana. Tana cewa ita ta zaɓi wannan zaman, 'yanci ne. Na ji ta, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Tsohuwa mai 'ya'ya ba ta kamata ta kwana a daji ba tare da mai jin tarinta ba.

A maƙabartar garin akwai kabarin wani mutum, Haji Ali, da sojojin Amurka sunka ɗauko daga ƙasashen Daular Usmaniyya a 1856 don ya kula musu da raƙuma. Sun so su gwada raƙumi wajen ɗaukar kaya a wannan hamadar. Shirin ya watse, raƙuman anka sayar da wasu, wasu sunka bazu cikin daji, shi kuwa bai koma gida ba. A nan ya rasu a 1902, daga baya anka gina masa dala ta duwatsu da siffar raƙumi a samanta. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto suna dariya. Ni na tsaya na yi masa addu'a, na daɗe ban iya magana ba. Ina ta tunanin ko akwai wadda ta yi ta zuba ido a garinsu.

To ga gaskiyar da ban faɗa wa Yaya ba. Ƙuncin ɗaki bai dame ni ba, ƙarancin ruwa ma na saba. Rashin maƙwabci ne ke ci mini rai. Mutanen hanya suna da kirki, taya ta fashe za su tsaya, batir ya mutu za su jona miki. Amma wadda kinka saba da ita yau, gobe da safe sai ki tarar da sawun taya kawai. In maigidan ya tafi aikin dare na awa 12, babu wadda zan leƙa in ce ta riƙe mini yaro, babu mai sallama a ƙofa. Yara ba su da abokin wasa da ya wuce mako biyu. Abba yana karatu a gabana, boko da allo, amma yaro na buƙatar sa'o'insa da malami. Mun yi shawara da babansu, ya yarda: kwangila ɗaya ko biyu nan gaba, in abin da muke tarawa ya isa kafin alƙalamin gida, za mu sayar da motar mu zauna a garin da ke da masallaci da makarantar Islamiyya. Ki sa mu a addu'a Allah ya cika mana wannan.

Saƙon da munka turo ta hannun Bashir, a cire na maganinki tukuna, sauran a sayi gero da sukari kafin azumi ya tsadar da su. A ba Gwaggo nata. In an samu mai zuwa Amurka, kuka da kuɓewa busasshiya nake so, amma kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo. A gaida Baba da kyau, a gaida Kawu Bello da iyalinsa na Mabera, da amaryar Sani da ban samu halartar bikinta ba. Ummi ta ce a gaya miki haƙorinta ya fita. Maigidan yana gaishe ku, ya ce zai kira Baba ranar Juma'a bayan isha'inku.

Wassalam.

'Yarki,
Asma'u