Man kifi ba zai maye gurbin maganin likita ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi baƙon da kuka kawo a shirin lafiya na makon jiya ya ɓata mini rai. Ya zauna yana ta kambama man kifi da maiƙon omega-3 da ke cikinsa kamar an gano maganin ciwon taɓin hankali na sikizofiriniya, shi kuma mai gabatarwa sai "ƙwarai, ƙwarai" yake yi, ko sau ɗaya bai tare shi da tambaya ba.

Ƙanena yana fama da wannan ciwo. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, yana zargin ana bibiyarsa. Da siɗin goshi muka shawo kansa ya riƙa shan maganin da likita ya rubuta masa, don maganin yana sa shi kasala da ƙiba, ba ya ƙaunarsa. Tare muka saurari shirinku. Washegari ya ce shi kam ya samu mafita, ba zai ƙara shan ƙwayoyinsa ba, a sayo masa man kifi. Mahaifiyarmu har kuka ta yi. Kun san wahalar lallashin irin wannan marar lafiya kuwa?

Binciken da aka yi a birnin Viyana, wanda ya fito a 2010, da baƙonku ya dogara da shi, matasa 81 ne kacal a cikinsa, kuma ba masu ciwon ba ne, waɗanda ake fargabar zai kama su ne. Gaskiya ne kaɗan ne suka kamu cikin waɗanda suka sha omega-3 na mako 12. Amma da aka maimaita gwajin da mutum 304 a ƙasashe da dama, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna bambanci ba tsakanin masu shan man kifi da masu shan ƙwayar da babu shi a ciki. Me ya hana shi faɗin wannan? Ba na musu cewa ƙwaƙwalwa tana buƙatar maiƙon DHA, wanda wani nau'in omega-3 ne. In likita ya ga dacewar ƙara shi a kan magani, to madalla. A madadin magani kam, a'a.

Ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya gyara wannan ɓarna, a shirin nan dai, a lokacin da aka saba.

Sannan layin wayarku, don Allah ku duba shi. Na yi ta kira ana cikin shirin, ba a ɗauka ba har aka rufe.

Wassalam,
Wata mai sauraronku