Bishiyoyin Danbury da zaibar masu zinare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A 2003, a garin Danbury na Amurka, Farfesa Richard Meagher na Jami'ar Georgia ya dasa bishiyoyin da aka sauya wa ƙwayar halitta a filin wata tsohuwar masana'antar hula da zaiba ta gurɓata. Saiwa ta zuƙe zaibar daga ƙasa, ganye kuma ya sake ta cikin iska kamar tururi.

To, nan fa na tsaya. Ni ɗan Anka ne. Na sha ganin masu zinare suna ƙona zaiba a cokali, yara na tsaye suna shaƙa. In bishiya za ta mayar da guba sama, a gonar wa ruwan sama zai sauke ta?

Naka,
Wani malamin kimiyya, Anka, Zamfara