Gwajin bagaruwa a faranti bai isa a kira ta magani ba

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku na kwanan baya cewa ruwan bagaruwa da na sabara suna kashe ƙwayoyin cuta. Binciken na da amfani, amma yadda aka gabatar da shi zai iya sa mai zazzaɓin taifot ya ajiye maganin asibiti ya koma jiƙo.

A ɗakin gwaji, ana shanya ganye ko kwanso a inuwa, a daka, a tatso sinadarinsa, sau da yawa da etanol (wani nau'in barasa), alhali a gida da ruwa ake jiƙawa. Sai a ɗiga shi cikin ramin farantin da aka shuka ƙwayar cuta, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24, a auna da milimita faɗin wurin da ƙwayar ta kasa tsiro. Galibi da miligiram ake zuba tatsen tsiro, shi kuwa ciprofloxacin, maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cuta da ake kwatantawa da shi, maikurogiram 5 ne kacal. Miligiram ɗaya maikurogiram 1,000 ne.

Ga kuma tanin, sinadarin da majema ke so a bagaruwa. Yana kama furotin, don haka a hanji zai manne wa abinci, kaɗan ne ke kaiwa jini.

Shawarata, masu bincike a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa su riƙa bayyana mafi ƙarancin adadin tatsen da ya hana ƙwayar cutar tsirowa, da sakamakon gwajin illa ga hanta da ƙoda, kafin sanarwa. Jarida kuma ta tambayi waɗannan alƙaluma kafin ta buga.

Naku,
Mai karatu daga Bauchi