Maganar maganin da ka ajiye

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan ƙalau, sai zafi da ya fara shigowa. Ƙafar mahaifinka ta sake tashi, amma da sauƙi.

Kawunka ya dawo daga wajenku ya ce mini ka ajiye maganin tarin nan, wai ka warke, har ka yi ƙiba. Kada ka ga laifinsa, ni na tsare shi da tambaya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Wa ya ce maka ka warke? Maganin tibi wata 6 ne cur: wata 2 ana shan haɗin magani 4, sannan wata 4 ana shan guda 2. Kai na farkon kawai ka sha, wanda ke kwantar da tari ya buɗe ciki. Ƙwayoyin cutar da suka saura su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo suna iya dawowa ba sa jin maganin. Gwamnati kyauta take bayarwa, to mece ce hujjarka? Jan fitsari? Aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, ba jini ba ne, kuma an gaya maka tun ranar farko.

Amma ba ƙirjinka ne ya hana ni barci ba, kishiyata ce. Yarinyar da ba ta cika shekara 3 ba, ɗaki ɗaya kuke kwana, taga a rufe saboda sauro. Tibi a jikin ƙaramin yaro yakan bi jini ya hau tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya zama sanƙarau. Na bazara yana kayar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kowa ya ruga asibiti. Wannan kuwa a sanyaye yake zuwa: zazzaɓi sama-sama na makonni, ƙin abinci, rigima, amai, yawan barci. Ana ta ɗura wa yaro maganin maleriya, ana cewa haƙori ne, sai a wayi gari wuya ya sanƙare, jijjiga ta zo. Na yi jinyar irinsu kafin in yi ritaya. Cikin waɗanda suka rayu akwai wanda ya kurumce, akwai wanda ya makance, akwai wanda ɓari ɗaya ya shanye. Maganinsa yakan kai shekara guda. Allurar rigakafin tibi ta BCG da aka yi mata tana rage haɗarin ne kawai.

Ka san abin da sanƙarau na 1996 ya yi wa gidan nan. Kana ƙarami, amma ka ga yadda muka dawo daga Asibitin Zana. Waccan annoba ce, babu yadda muka iya. Wannan fa? Kai da muka sha wahala muka kai makaranta, yau kunya kake ji kada abokan aiki su gan ka a layin karɓar magani? Girman kai rawanin tsiya. In wani abu ya sami yarinyar nan, da wane ido za ka kalli uwarta?

Gobe ka koma inda aka buɗe maka kati, ka faɗa musu ranar da ka daina, babu ɓoye-ɓoye. Kada ka ɗauko ragowar ka ci gaba da sha da kanka. Su sake gwada kakinka a na'urar GeneXpert, ita za ta nuna ko maganin yana ci har yanzu. Ka tafi da matarka da yarinyar a duba su. Ko ba a ga komai ba, akwai maganin kariya da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5. In kuma likita ya nemi ɗibar ruwan ƙashin bayanta, kada ku hana don maganar mutane cewa yana gurgunta yaro. Da shi ake gane irin sanƙaran.

Na san haɗiyar ƙwayoyi kullum da sassafe, ciki babu komai, akwai gajiyarwa. Ka daure, ɗana. Na aiko muku da kuka da daddawa da yaji ta hannun direba. Ka kira ni daga asibitin in ji muryar likitan da kunnena.

Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.