Ina 'yan gudun hijirar a shirin naku?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na ranar Lahadi kan mu 'yan gudun hijira ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun tara masana, kowa da digirinsa, sun cinye awa guda suna yanke mana makoma, amma ko mutum ɗaya da ya taɓa kwana a sansani ba ku miƙa masa makirfo ba. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fi ƙona ni shi ne malamin nan da ya yi ta nanata cewa mun zame wa ƙasashen da suka karɓe mu kaya. To wa ya mai da mu kayan? Ni ma'aikaciyar jinya ce tun kafin rikici ya raba ni da gida. Na zo da takardun shaidata a hannu, aka ce ba a amince da su ba, in je in jira. Haka na zauna ina karɓar tallafi kamar ƙasa ta tsage in shige don kunya, asibitin da ke kusa da ni kuwa kullum kukan ƙarancin ma'aikata yake yi. A can na ga wata baiwar Allah mai juna biyu, babu tafinta, dole ɗanta ƙarami ya tsaya yana fassara wa likita larurar da ko mijinta za ta ji nauyin faɗa wa. Wallahi rabin abin da ke damunta ba ta faɗa ba. Malamin naku ya taɓa ganin irin wannan?

Kuma mai gabatarwa ya bar shi ya wuce ko gyaran murya bai yi ba. Da ya tuna masa cewa Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, a sashe na 17, ta yi maganar haƙƙin yin aikin albashi. Da ya tambaye shi dalilin da ya sa a Birtaniya mai neman mafaka ba ya iya neman izinin aiki sai ya haura wata 12 yana jiran hukunci, shi ma a wasu 'yan sana'o'i kawai. Yuganda, wadda ba ta kama ƙafar Birtaniya a arziki ba, dokarta ta 2006 ta bar ɗan gudun hijira ya yi aiki, ya je inda yake so, har fili ake yanka masa ya noma. An hana mutum nema da hannunsa, sannan a zo rediyo ana yi masa gori.

Ku sake shirin, ku zaunar da mu a teburin, ba ku ɗauko muryarmu ta daƙiƙa goma muna kuka ba.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin labarai. Tsofaffi irin mahaifiyata ba sa jin abin da ake faɗa sam.

Taku mai sauraro,
Wata 'yar gudun hijira