Rahoton Ayyukan Shekara: Kuɗi da Tafiyar da Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Ayyukanmu na bana ba su sauya ba: kai ɗauki ga waɗanda suka yi haɗari a hanyar Kaduna zuwa Zariya, daga Kawo har Maraban Jos, da kwashe mutane idan kogin Kaduna ya cika ya shiga gidaje da damina. Jadawalin fita da cikakken lissafin shiga da fita suna manne da wannan rahoto. Abin da kwamitin bincike ya gano shi za mu tsaya a kai.

Kuɗi na shigowa ta hanya uku: kuɗin wata na mambobi, taimakon bayan sallar Juma'a, da gudummawar 'yan kasuwa. Man fetur da gyaran motar ɗaukar marasa lafiya ne suka fi cin asusu, kuma haka abin yake tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sai kayan aiki: safar hannu, bandeji, auduga da ledar ƙarin ruwa.

Kwamiti bai ga alamar an ci kuɗi ba. Ya dai ga cewa takarda ba ta bin kuɗi, musamman a fitar dare. Idan aka kai mai rauni asibiti da ƙarfe biyu, ɗan agaji zai ciro daga aljihunsa ya yanki kati, ya sayo allura, washegari ma'aji ya mayar masa bisa yarda. Wani lokaci akwai rasit, amma irin na POS ne da aka bari a gaban mota, rana ta dake shi har rubutun ya goge, sai farar takarda. Daga yanzu a ɗauki hoton rasit nan take a tura wa sakataren kuɗi, a cike bauca, wato takardar neman biya, cikin awa 48. Babu hoto, babu biya. Ga mai kuwa, direba zai rubuta lambar kilomita kafin fita da bayan dawowa, da litar da aka sha, domin a iya gwada man da tafiyar.

Wanda ya fi damun mu shi ne taransfa zuwa asusun mutum. Masu taimako da yawa sun fi son tura wa wanda suka sani, shi kuma ya kashe a kan aikin kafin kuɗin ya shiga littafi. Niyya mai kyau ce, amma odita ba ya lissafa niyya. An hana. Asusun ƙungiya kaɗai za a riƙa bayarwa, kuma ba a cire ko sisi sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Wanda ya amince a kashe ba shi ne zai biya ba. Akwatin Juma'a mutum biyu za su ƙirga a wurin, su sa hannu, a kai banki ranar Litinin.

Haka nan kuɗin da aka bayar da sunan wani majinyaci amana ce tasa. Ba a juya shi a sayi taya, ko da za a mayar.

Ta fuskar doka, rajistarmu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana ƙarƙashin sashen amintattu (waɗanda aka yi rajistar ƙungiya da sunansu) na dokar kamfanoni ta 2020. Dokar ta ce a miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, a kuma adana takardun lissafi har shekara shida. Ta hana raba wa mambobi kuɗin ƙungiya, sai dai irin su mayar wa mutum abin da ya kashe a kan aiki ko biyan haƙƙin aikin da ya yi, kuma ta ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka sami almundahana ko sakaci. Mun miƙa namu a kan lokaci. Takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke nema, tana hannun sakatare.

Amintattu kuwa akwai gyara. Wasu an sa sunansu ne don girmamawa, ba sa zuwa taro, ba su taɓa buɗe bayanan banki ba, alhali su ne doka za ta tambaya. Kwamiti ya ba da shawarar su zauna duk wata uku, a gwada littafin ma'aji da bayanan banki layi-layi, a rubuta abin da aka yanke. Wanda ɗan uwansa ke sayar mana da magani ko yake gyara mana mota ya faɗa, ya fita daga ɗaki lokacin yanke shawara.

Ba mu da ajiyar ko-ta-kwana. Idan injin mota ya buga gobe, aiki ya tsaya. Za a gabatar wa babban taro ƙudurin ware kashi 10 cikin 100 na duk abin da ya shigo, har a tara kuɗin aikin wata uku. Duk mamba mai son duba littattafai ya sanar da sakataren kuɗi kafin ranar taron.